Sauti a kwamfutar kwaikwayo: tambayoyi da amsoshi ga masu gyara da masu amfani a Maraɗi

Galibin kwamfutocin da ke hannun jama'a a Maraɗi na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso mana ta Kwatano ko ta Kano. A kansu muke ɗora kayan da ba a ƙera su dominsa ba: Windows XP a cikin Windows 10, manhajar Windows a cikin Linux, Android a kan laftof. Hoto ya fito, linzami ya motsa, sai a zo kan sauti a cije. Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai, yaran shago da ma'aikatan ofis suka fi kawowa. Kafin a shiga cikinsu, a riƙe abu guda: shiru ciwo ne daban, kakkatsewa ciwo ne daban. Shiru daga saiti yake zuwa. Kakkatsewa kuwa alama ce cewa kwamfuta ba ta cim ma lokaci. Wanda ya raba biyun nan tun farko ya rage wa kansa rabin wahala.

Malam, duk waɗannan manhajojin kwaikwayo ba abu ɗaya suke yi ba?

A'a, kuma bambancinsu shi ke nuna inda za a nemi matsala. Akwai masu ƙirƙirar kwamfuta sukutum a cikin taka, irin su VirtualBox, VMware, Hyper-V da QEMU. Kwamfutarka ta gaske ita ce mai masauki, wadda aka girka a ciki kuma baƙuwa. Baƙuwar tana ganin katin sauti na ƙarya, kuma dole sai ta samu direban wannan katin, wato ƴar manhajar da ke sarrafa shi, kamar dai da gaske an soka shi a jikinta.

Akwai masu kwaikwayon tsohuwar na'ura tun daga furosesa har katin sauti, kamar DOSBox wanda ya fito a 2002, ko 86Box. Sai kuma Wine, wanda aka soma tun 1993. Shi babu Windows a cikinsa ko kaɗan. Idan manhajar Windows ta nemi a fitar mata da sauti, Wine ne ke karɓar buƙatar ya miƙa wa Linux ta hanyar da Linux ya sani. Saboda haka neman direban katin sauti a cikin Wine ɓata lokaci ne, alhali a VirtualBox shi ne rabin aikin.

Me ya sa sauti ne kullum ke fara lalacewa, hoto kuwa lafiya lau?

Domin kunne bai da haƙurin ido. Idan hoto ya makara kaɗan, allo zai ci gaba da nuna na baya, ba za ka lura ba. Katin sauti kuwa yana cinye ɗigon sauti 44100 ko 48000 a kowace daƙiƙa, ba ya jira. Don kada ya yanke, ana tara masa sauti a wata ƴar ma'ajiya yana ɗiba. Kamar randa ce da ake sha daga cikinta ba tsayawa, ɗan ga-ruwa yana zuwa yana cikawa: in ya makara ko sau ɗaya, moɗa ta taɓa ƙasa. Wannan taɓa ƙasan shi ne "ƙas-ƙas" ɗin da kake ji.

Lissafin ba wuya. Ma'ajiya mai ɗigo 1024 a kan 44100 tana ƙarewa cikin milisakan 23 ko kusa da haka. A kwamfuta ta gaske, tsakanin manhaja da lasifika hannu biyu ne ko uku. A ta kwaikwayo kuwa sai sauti ya bi ta manhaja, ya shiga babbar manhajar baƙuwa, ya faɗa katin ƙarya, manhajar kwaikwayo ta ɗauke shi ta ba mai masauki, sannan ya kai ga katin gaske. Kowane hannu yana iya riƙe shi, kowanne kuma yana da nasa maɓallin rage murya.

Babu sauti ko kaɗan. Ta ina zan fara?

Fara daga waje ka shigo ciki, ɗan'uwa, kada ka fara daga ciki. Rufe manhajar kwaikwayo, ka kunna wani karatu ko waƙa a kwamfutar gaske. In ita ma shiru ce, to baƙuwa ba ta da laifi, sai a gyara mai masauki tukuna.

In tana magana, tayar da baƙuwa, ka sa wani abu yana ta bugawa a cikinta ba tsayawa, sannan ka koma wajen mai masauki ka buɗe mahaɗar sauti. A Windows na Faransanci, wanda shi ya fi yawa a nan, sunanta «Mélangeur de volume». A Linux ka buɗe pavucontrol. Nemi sunan VirtualBox ko VMware a jerin. Idan ka gan shi kuma sandar tana motsi, sauti ya fito daga baƙuwa lafiya, kawai an rufe masa baki ne ko kuma an tura shi wata ƙofa. Wannan tura shi wata ƙofar ya fi kowane dalili yawa a wuraren horaswa da azuzuwa: an jona majigi ta HDMI, Windows ya mayar da sauti can, majigin kuwa ba shi da lasifika. Haka abin kunne na Bluetooth da ke cikin jaka a kunne.

Idan kuwa sunan bai bayyana ba sam, sai a shiga ciki. Duba ko an kunna sauti a saitin kwamfutar baƙuwa. A VirtualBox akwai ƴar alamar sauti a ƙasan taga, danna ta da hannun dama ka tabbata fitar sauti a kunne take. Daga nan ka shiga baƙuwar kanta ka buɗe «Gestionnaire de périphériques». Alamar ruwan ɗorawa a kan na'urar sauti tana nufin babu direba. In baƙuwar Linux ce, buga alsamixer. Layin da ka ga MM a ƙarƙashinsa a rufe yake, harafin M ke buɗe shi.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Yaran shago sukan juya saiti biyar tare, sauti ya dawo, gobe irin matsalar ta zo a kwamfutar wani su rasa wanne ne ya yi magani.

A VirtualBox an ba ni kati uku. Wanne zan ɗauka?

Shekarun baƙuwa ke zaɓa, ba son ranka ba. Intel HD Audio na Windows 7, 8, 10 da 11 ne da Linux na zamani, duk suna zuwa da direbansa a ciki. ICH AC97 na Windows 2000 ne da XP mai bit 32, shi ma XP ya san shi da kansa. SoundBlaster 16 na DOS ne da Windows 95 da 98.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba Windows 7 mai bit 64 ko Windows 10 katin AC97. Ba su da direbansa a ciki, sai mutum ya ƙone kuɗin intanet yana sauke fayilolin da bai san asalinsu ba, alhali juya zaɓi ɗaya zuwa Intel HD Audio ya isa. Na biyunsa shi ne a ba XP katin HD Audio don an ji sunan ya fi daɗi.

Akwai wata matsala tamu ta nan. Yawancin faifan XP da Windows 7 da ke yawo a kile daga shago zuwa shago an rage musu nauyi, wanda ya rage ɗin kuma ya cire direbobi da yawa, har da na sauti. In ka zaɓi katin da ya dace amma XP ya ce bai san shi ba, zargi faifan. Nemi cikakke.

Windows 98 kuwa, gaskiya VirtualBox ba gidansa ba ne. 86Box ko DOSBox-X sun fi riƙe shi da mutunci.

Na girka Guest Additions, amma har yanzu shiru.

Babu direban sauti a cikinsu. Suna gyara girman allo, linzami, kwafe rubutu da raba fayil. Girka su yana da kyau, amma amsar tana cikin tambayar da ta gabata.

Saitin sautin ya dushe, ya ƙi taɓuwa.

Baƙuwar ba a kashe take ba, an ajiye ta ne a halin da take. Tayar da ita, ka kashe ta daga cikinta kashewa ta sosai, saitin zai buɗe.

Sauti yana fita, amma yana kakkatsewa, wani lokaci murya ta ja kamar kaset ɗin da batir ya gaza. Mene ne magani?

Nan ne ake ɓarnar kuɗi, domin mutum yakan ɗauka lasifika ce ta fashe ya je kasuwa ya sayo wata. Lasifika ba ta da laifi. Furosesa ce ba ta kai sauti a kan lokaci, sai a bincika abin da ya riƙe ta.

Na farko, taimakon da furosesa ke ba kwaikwayo: Intel na kiransa VT-x, AMD na kiransa AMD-V. Kwamfutoci da yawa da suka fito daga ofisoshin waje suna zuwa da shi a kashe. Ana kunna shi a BIOS, saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ya tashi. A HP da F10 ake shiga, a Dell da F2, a ThinkPad da F1. BlueStacks, LDPlayer da ƴan'uwansu masu kwaikwayon Android duk suna rarrafe in babu shi.

Na biyu, kunkuru. Idan mai masauki Windows 10 ne ko 11, duba ƙasan tagar VirtualBox. In ka ga koren kunkuru a inda ya kamata a ga harafin V, to Hyper-V ya riga ya kama VT-x, VirtualBox yana bi ta ƙarƙashinsa ne a hankali. Ba sai ka girka Hyper-V da hannunka ba. WSL2, hanyar tayar da Linux a cikin Windows, yana tayar da shi, haka ma saitin tsaro da ake kira «Intégrité de la mémoire». Ana iya kwantar da shi da wannan umarni a tagar umarni da aka buɗe da cikakken iko, sannan a sake tayar da kwamfuta:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

Amma a sani, WSL2 zai daina aiki har sai an mayar da kalmar ƙarshe zuwa auto, kuma kashe wancan saitin tsaron rage kariya ne. In kwamfutar ta ofis ce mai bayanan mutane, a tambayi mai ita kafin a taɓa.

Na uku, rowa da almubazzaranci wajen rabo. Galibin laftof masu Core i5 na ƙarni na bakwai zuwa ƙasa ƙwayar furosesa biyu ce gare su, ko da Windows ya nuna huɗu. Wanda ya ba baƙuwa huɗun nan duka ya bar mai masauki hannu rabbana, alhali mai masaukin ne ke kai sauti ga lasifika. Ba ta ɗaya ko biyu. RAM ma haka: kwamfuta mai giga 4 da aka ba baƙuwa 3, mai masauki zai koma rubutu a faifai, sauti kuwa ba ya jiran faifai.

Na huɗu shi ne wanda littattafan waje ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna cikinsa: wuta da zafi. Da zarar an ɗauke kuran laftof ta koma kan batir, Windows yakan rage gudun furosesa don tattali. Idan sauti lafiya yake da caja, ya lalace da an zare ta, ka samu dalilinka, sai ka canza tsarin wutar zuwa mai cikakken ƙarfi ka yarda batir zai ƙare da wuri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, furosesa takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka tun watannin baya. Alamar wannan a fili take: minti goma na farko sauti garau, daga baya ya soma tsinkewa, iskar da ke fita ta gefe kamar ta maƙera. Maganinsa buɗe kwamfuta, share fanka, sabunta man da ke kan furosesa, da ɗaga ta daga kan katifa ko darduma. Babu saitin da zai maye gurbin wannan.

Na ƙarshe, saɓanin awo. In baƙuwa tana kan 44100 mai masauki yana kan 48000, sai an yi ta juyawa a tsakani, wani lokaci juyin ba ya fita da kyau. Daidaita su a kan lamba ɗaya a shafin «Statistiques avancées» ko «Avancé» na na'urar sauti. A wannan shafin dai, cire alamar da ke ba wata manhaja damar mallake katin ita kaɗai.

Ina jin wani gunji "zzzz" ko da ba a kunna komai ba, musamman in na jona amfilifaya.

Zare caja. In gunjin ya tafi, ba ruwan kwaikwayo a ciki. Wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce ke kutsawa ta caja marar kyau, ko ta soket marar wayar ƙasa, ko daga janareta. Canza caja, ko ka sa laftof da amfilifaya a soket ɗaya, ko ka nemi ɗan katin sauti na USB.

A DOSBox kiɗan wasa yana fita, amma muryoyi da ƙarar harbi babu. Yaya haka?

Tambaya mai daɗi, domin amsarta tana cikin yadda aka ƙera katin Sound Blaster. Kashi biyu ne a cikinsa. Kiɗa yana fita ta ɓangaren da ya gada daga AdLib, a adireshi 388, wanda ba ya buƙatar komai sai a aika masa umarni. Muryoyi da sauran sautin da aka naɗa kuwa sai sun bi ta IRQ da DMA, hanyoyin da katin ke hulɗa da sauran kwamfutar, kowace da lambarta. In kiɗa ya fito murya ta ƙi, lambobin nan ne ba su dace ba.

DOSBox yana zuwa da adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, babban DMA 5. Wasanni da manhajojin karatu da yawa na shekarun 1990 kuwa IRQ 5 suke zato. Buga set a cikin DOSBox, za ka ga layi kamar haka:

BLASTER=A220 I7 D1 H5 T6

Sai ka nemi SETUP, INSTALL ko SETSOUND a jakar wasan, ka ba shi waɗannan lambobin daidai. In wasan ya kafe a kan 5, buɗe fayil ɗin saitin DOSBox, a sashen sblaster ka mayar da irq=5.

Kakkatsewa a DOSBox kuma yawanci daga yawan gudun da aka ɗora masa ne. Ctrl da F11 na ragewa, Ctrl da F12 na ƙarawa. Mutane sukan yi ta ƙarawa suna zaton sauri za su samu, har kwamfutar ta kasa ɗauka. In ragewa bai isa ba, a sashen mixer ɗaga blocksize daga 1024 zuwa 2048. Sautin zai ɗan makara a bayan hoto, amma zai daina tsinkewa.

Ni Ubuntu nake amfani da shi a jami'a. Manhajar Windows tana buɗewa a Wine, sai dai bebiya ce.

Buga winecfg, je shafin sauti, duba sunan direban da aka rubuta a sama, ka danna maɓallin gwaji. In ka ga winepulse.drv kuma ka ji ƙara, hanyar a buɗe take. In babu direba ko kaɗan, ko gwaji ya yi amma manhajarka ta ƙi, mafi yawan lokaci manhajar mai bit 32 ce, Linux ɗinka kuma fayilolin tafiyar da sauti na bit 64 kawai gare shi. A Ubuntu, Mint da Debian ga magani:

sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt install libpulse0:i386 libasound2-plugins:i386

Kada ka tayar da Wine da sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko, ƙanena, ko da wani ya ce maka haka ya yi ya samu sa'a. Sabar sauti, wato manhajar da ke raba sauti a Linux, ta mai amfani ce, mai iko ba ya samun shiga cikinta kai tsaye, ga shi kuma ka ba manhajar Windows da ba ka san cikinta ba mabuɗin gidan duka.

Ka san kuma wace sabar kake kai, PulseAudio ta da ko PipeWire da ta biyo bayanta. Fedora ta koma PipeWire tun fitowa ta 34 a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10. Umarnin pactl info zai gaya maka. Wine yana magana da PipeWire ta ƙofar PulseAudio, don haka kunshin pipewire-pulse dole ya kasance. Yawancin shawarwarin da suka ce a cire PulseAudio an rubuta su ne shekaru da dama baya, bin su yau rushe sautin kwamfutar gaba ɗaya ne.

Idan sautin yana ƙas-ƙas, gwada faɗaɗa ma'ajiya:

PULSE_LATENCY_MSEC=60 wine sunanmanhaja.exe

In bai yi ba, winetricks sound=alsa zai sauya hanya, winetricks sound=pulse ya dawo da ita. Wasannin da kiɗa ke fita amma maganar ƴan wasa ba ta fita, galibi XAudio2 suke nema, a gwada winetricks xact. Bidiyon cikin manhaja da ke tafiya shiru kuwa, kayan GStreamer ne suka gaza.

Manhajar koyon piyano da tsofaffin wasanni masu MIDI ba sa cewa komai a Linux.

Fayil ɗin MIDI ba sauti ba ne, umarni ne kawai: buga wannan amo, da wannan kayan kiɗa, tsawon kaza. Sai an samu mai bugawa. Windows yana zuwa da nasa a ciki, Linux ba ya zuwa da shi. Girka FluidSynth ko TiMidity++ tare da fayil ɗin muryoyin kayan kiɗa, ka tayar da shi kafin ka buɗe Wine ko DOSBox. A DOSBox, mixer /listmidi yana nuna na'urorin da ya gani a Windows.

Na kwafi umarnin QEMU mai -soundhw, ya ce bai san shi ba.

An cire shi a QEMU 7.1, a 2022. Yanzu abu biyu ake faɗa masa, ƙofar da sauti zai fita a mai masauki da katin da baƙuwa za ta gani:

-audiodev pa,id=s0 -device intel-hda -device hda-duplex,audiodev=s0

A Windows sai a sa dsound a madadin pa. Ga XP kuma a sa -device AC97,audiodev=s0. Gargaɗin sudo na nan ma.

VMware, Hyper-V da WSL fa?

A VMware duba jerin na'urorin da ake cirewa, sau da yawa katin sauti ya katse ne kawai, sai a danna haɗawa. In ya ƙi, kashe baƙuwa ka buɗe fayil mai ƙarewa da .vmx, ka duba layin sound.virtualDev: hdaudio ga sababbi, es1371 ga XP, sb16 ga DOS.

Hyper-V ba ya ƙirƙirar katin sauti sam. Sauti yana zuwa ne ta zaman da ake kira «session étendue», wanda ke bin hanyar Remote Desktop, kuma yana son baƙuwa ta kasance Windows 8.1 ko sama, nau'in Pro. Wanda ke son XP mai magana ya nemi wata manhajar. In baƙuwar Windows Server ce, a kowace manhajar kwaikwayo, hidimar Windows Audio ba ta tashi da kanta, sai an shiga services.msc an tayar da ita.

A WSL kuwa, wsl --update sannan wsl --shutdown sun isa a yawancin lokuta.

Ina amfani da WhatsApp a cikin manhajar Android a laftof don kasuwanci. Saƙon murya ba ya naɗuwa, kuma da na buɗe ta abin kunnena na Bluetooth sai ya koma kamar rediyo mai nisa.

Hajiya, matsala biyu ce, kuma tushensu ɗaya: makirufo. Ƙofa uku ke tsakaninki da shi. Windows yana da saitin sirri, a «Confidentialité» sannan «Microphone», inda dole a yarje wa manhajojin tebur. Manhajar kwaikwayo tana da nata zaɓin. VirtualBox da na Android Studio suna zuwa da shigar sauti a kashe da gangan, don kada baƙuwa ta saurari ɗaki ba izini. Sannan Android ɗin da ke ciki sai ya ba WhatsApp izini kamar a waya.

Lalacewar sautin kuwa halin Bluetooth ne. Yana da yanayin saurare mai kyau, ana kiransa A2DP, wanda ba ya ɗaukar makirufo. Da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon abin kunne, sai ya faɗa yanayin kiran waya, mai ɗigo 8000 ko 16000 kawai a daƙiƙa, kunne biyu abu ɗaya. Wasu manhajojin Android suna buɗe makirufo tun daga tashi ko ba a buƙace shi ba. Ki mayar da makirufon jikin laftof ya zama na farko a saitin Windows, ko ki yi amfani da abin kunne mai waya. Kuma in don WhatsApp kaɗai ne, akwai nasa na kwamfuta da ba ya buƙatar kwaikwayo, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Muna naɗar tafsiri da shirye-shiryen rediyo da wata tsohuwar manhaja da ba ta tashi sai a XP. Mu sa ta a VirtualBox?

Don gyaran abin da aka riga aka naɗa, yanka da haɗawa da fitarwa, babu laifi. Don naɗa kai tsaye, ban ba ku wannan shawarar ba, Alhaji. Tsinkewa a lokacin saurare tana wucewa, a sake bugawa. Tsinkewa a lokacin naɗi ta zauna cikin fayil har abada, malam kuma ba zai dawo ya maimaita ayar da ta yanke ba. Ga jinkiri: mai gabatarwa da ke jin muryarsa a kunne tana zuwa a makare, harshensa sai ya riƙa sarƙewa.

Ana iya miƙa wa baƙuwa katin sauti na USB kai tsaye, ta riƙe shi da direbanta. Wani lokaci yana yi, wani lokaci ƙas-ƙas ɗin ya fi na da. In mai masauki Linux ne, sai mai amfani ya shiga rukunin vboxusers kafin VirtualBox ya ga na'urar. Amma abin da na fi yarda da shi hanya biyu ce. Ko a naɗa a kwamfutar gaske da Audacity, wanda kyauta ne kuma yana aiki a Windows da Linux, sannan a tura fayil cikin baƙuwa a gyara. Ko kuma a ware tsohuwar kwamfuta guda a zuba mata XP na gaske, a hana ta intanet, domin Microsoft ya daina ba XP kariya tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020. A kula da kile ɗin da ake soka mata.

A waya fa? A PPSSPP mai kwaikwayon wasannin PSP, da Winlator mai tayar da manhajar Windows a waya, sauti na ja.

Dalilin ɗaya ne, wayar ba ta kai gudun wasan ba. Rage girman hoto zuwa mafi ƙanƙanta, cire wayar daga riga in ta yi zafi, kashe yanayin tattalin batir. A Winlator akwai zaɓi tsakanin ALSA da PulseAudio a saitin kwantena, gwada ɗayan.

Mai gyara ya ce sai an yi fomat. In yarda?

Tambaye shi tambaya ɗaya: kwamfutar gaske tana fitar da sauti? In tana fitarwa, fomat ba zai ƙara komai ba. Za a goge takardunka, ka biya jikkunanka, a sake girka VirtualBox da irin saitin da, shirun ya dawo yadda yake. Wannan abu yana ci mini rai, domin wanda ake yi wa haka yawanci ɗalibi ne da kundin bincikensa ke ciki, ko ƴar kasuwa da lissafin bashinta na shekara. Ga ƴan'uwana masu gyara kuma: minti goma na bin hanyar sauti daga lasifika zuwa baƙuwa ya fi awa uku na zuba Windows, kuma mai kaya zai dawo gobe da wani aikin.

Ita baƙuwar ma ba sai an goge ta ba. Ɗauki hoton halinta kafin ka taɓa direba, abin da VirtualBox na Faransanci ke kira «instantané». In gyara ya ɓaci, ka koma inda kake.

Na gwada duk wannan bai yi ba. Me zan kawo wa wanda zai taimake ni?

Kawo sunan babbar manhajar mai masauki da ta baƙuwa, da ko bit 32 ce ko 64. Kawo sunan manhajar kwaikwayo da lambar fitowarta, da katin da ka zaɓa. Faɗi ko shiru ne ko kakkatsewa, ko tun farko haka yake ko bayan wani canji ne, ko yana faruwa da caja ko a batir kawai, da kuma bayan minti nawa yake somawa. Ga VirtualBox, kwafo VBox.log daga jakar Logs ta baƙuwar, bayan ka tayar da ita, ka buga sauti, ka kashe ta. Ga Wine da QEMU, tayar da su daga tagar umarni ka ɗauki hoton abin da suka rubuta, musamman layukan da ke da kalmar err, pulse ko alsa. Ka zo da cajarka ta kullum da abin kunnen da kake amfani da shi, domin in aka gwada da na shago matsalar tana iya ƙin bayyana.